Daga Durbar Zuwa Hilton: Yadda Manyan Otal-otal Ke Sauya Hannu, da Abin da Ke Kashe Su

Shekara goma ce tsakanin otal ɗin Durbar na Kaduna da babban otal ɗin Hilton na Abuja. An gina na farko domin bikin FESTAC na 1977, aka buɗe na biyu a 1987, tun Abuja ba ta gama zama gari ba. Akwai hannun gwamnatin tarayya a ginin kowannensu, kuma daga baya ta miƙa su ga 'yan kasuwa. Yau na Abuja yana da ɗakuna sama da 600, ana cinikin hannun jarin kamfanin da ya mallake shi a kasuwar hannayen jari ta Legas, shugabannin ƙasashe suna kwana a cikinsa. Na Kaduna kuwa katafiloli suka kwantar da shi a watan Janairun 2020, bayan ya shafe kusan shekara 20 a rufe, ciyawa ta cinye harabarsa, an kwashe ƙofofi da tagogi da wayoyin wuta.

Idan aka taɓo zancen Durbar a majalisar dattawan Kaduna, abin da aka fi ji shi ne sayarwa ce ta kashe shi, da an bar shi a hannun gwamnati da yana nan. Ban yarda da wannan ba. Babban otal a ko'ina cikin duniya yana sauya hannu, wani sau biyar, wani sau goma, kuma baƙon da ke kwana a ciki bai ma san an yi ba. Abin da ke kashe otal shi ne a wayi gari babu wanda zai iya cewa ga mai shi, kowa ya amince.

Tun kafin a san otal

Saukar baƙo sana'a ce tsohuwa a ƙasar Hausa. Falken da ya shigo Kano ko Katsina da kaya ba ɗakin haya yake nema ba, fatoma yake nema, maigidan da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya ciyar da shi, ya nemo masa masu saye, sannan ya ɗauki la'adarsa. Haka abin yake a zangunan hanyar Gwanja har zuwa Salaga da Kumasi. Jarin fatoma sunansa ne da amanarsa. In ya rasu, ɗansa ko babban yaronsa ya gaje gidan, kuma duk fataken da ke sauka a nan sun san wanda ya gada tun kafin su sake dawowa.

Turawan mulki sun zo da nasu tsarin: barikoki da gidajen saukar baƙi na gwamnati, domin jami'an da ke rangadi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya filin jirgin sama na Kano ya zama mashigar matafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka, sai buƙatar wurin kwana irin na Turai ta ƙaru. Amma manyan otal-otal, masu benaye da zauren taro da wurin ninkaya, 'ya'yan zamanin samun 'yanci ne.

A 1960 aka buɗe Federal Palace a gaɓar ruwan Victoria Island ta Legas, domin a sami inda za a sauke manyan baƙin bikin 'yancin kai. Kamfanin A.G. Leventis ne ya gina shi, wannan dai Leventis ɗin da kantunansa suka yi suna a Kano da Kaduna da Legas. Shekara huɗu bayan haka, a 1964, gwamnatin tarayya ta karɓe shi. A Arewa, gwamnatin Sardauna ta tsayar da Hamdala a Kaduna a farkon shekarun 1960, ta hannun kamfanin raya Jihar Arewa, wanda yau ake kira NNDC. Dalilin a bayyane yake. Kana kiran Turawa da Larabawa da Japanawa su zo su kafa masaƙu a Kakuri, dole ka tanadi inda za su kwana, su ci abinci, su zauna da kai a rattaba hannu. Babu ɗan kasuwar gida a lokacin da ke da kuɗin da zai binne a irin wannan gini ya jira shekara goma kafin ya ga riba. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: a idon mutanenmu da yawa, otal wurin giya ne da zaman bariki, attajiri mai mutunci ba ya son a ce nasa ne. Gwamnati ce kaɗai za ta iya, sai ta yi.

Da kuɗin man fetur suka kwararo bayan 1973, abin ya zama gasa. A Kano, gwamnatin Audu Baƙo ta gina Daula a cikin gari, ta gina na tafkin Bagauda a hanyar Tiga. Da FESTAC ya gabato, aka ƙara wa Federal Palace dogon bene domin shugabannin ƙasashe, aka buɗe Eko a Victoria Island a 1977, aka gina Durbar a Kaduna saboda a can za a yi babban hawan daba da sarakunan Arewa suka kawo dubban dawakai. Kusan kowace jiha daga baya ta so a ce tana da nata: Giginya a Sakkwato, Zaranda a Bauchi, Lake Chad a Maiduguri. Maƙwabtanmu ma haka. A Yamai kuɗin yuraniyom ne suka tsayar da Gaweye a bakin Kogin Kwara, kuma da Nijar za ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yulin 2019, sai da aka sake gina sababbin otal-otal, ciki har da Radisson Blu da wani kamfanin Turkiyya ya gina.

A lura da abu ɗaya. Yawancin waɗannan gine-gine domin biki ko taro aka yi su, na mako biyu ko wata guda. Tambayar wa zai cika ɗakunan bayan an watse, ba ita ce a gaban masu ginawa ba.

Abin da otal ke ci kullum

Wanda bai taɓa leƙa bayan fage ba yakan ɗauka otal gini ne, an gama shi an gama. Gaskiyar ita ce otal aiki ne na kowace rana, ginin kuwa mazubinsa ne kawai. Ɗakin da ya kwana babu baƙo a daren Talata, kuɗinsa ya tafi ke nan har abada, ba buhun gero ba ne da za a ajiye a rumbu a jira farashi ya tashi. Amma ko an cika ko ba a cika ba, janareto zai sha mai, za a biya masu gadi da kuku da masu wanki da masu shara, za a tura ruwa sama zuwa bene na ƙarshe, za a kunna na'urorin sanyaya ɗaki a zaure. A ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa, kuɗin man janareto kaɗai ya isa ya cinye ribar wata.

Sannan kayan ciki suna tsufa da sauri fiye da bango. Katifa, kafet, labule, tawul, famfo, bututun ruwa, na'urar hawa bene, duk suna da wa'adi. Shi ya sa a wannan sana'a ake ware wani kaso na cinikin kowace shekara, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100, a ajiye shi domin sabunta kaya, kuma duk bayan 'yan shekaru a yi wa ɗakuna gyara na gaske. Otal ɗin da ya tsallake wannan ajiya shekara biyar a jere ba zai faɗi nan take ba. Zai fara da rufe bene ɗaya saboda ruwa ba ya hawa, sai a kwashe kayan wannan benen a gyara na ƙasa da su, sai manyan baƙi su daina zuwa, sai a rage farashi, sai cinikin ya kasa biyan albashi.

A nan ne otal-otal na gwamnati suka fi shan wahala. Babban mai cinikinsu gwamnati ce, kuma ita ce mai su. Jami'i ya sauka da tawagarsa, ya yi mako, ya sa hannu a takarda, kuɗin ya zama bashin ma'aikatarsa. Manaja ba shi da bakin da zai tare ƙofa ya ce sai an biya, domin wanda ake bin bashin shi ne zai iya cire shi gobe. Da an sauya gwamnati a sauya hukumar gudanarwa, a ɗebo ma'aikata fiye da buƙata. Kuɗin da ya kamata a ajiye domin gyara a tura shi baitulmali, in an tashi gyara kuma a ce a jira kasafin baɗi. Maganar da kowa ya sani, cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, a otal ta fi saurin bayyana, saboda baƙo yana ganin tabo a zanen gado a daren farko.

Saboda haka, da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980 kuma gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, otal-otal na cikin kadarorin da aka fara tunanin rabuwa da su. Doka mai lamba 25 ta 1988 ta kafa kwamitin sayar da kadarorin gwamnati ƙarƙashin Dokta Hamza Zayyad. A 1992 Federal Palace ya koma hannun kamfanin iyalan Ibru, masu otal ɗin Sheraton na Ikeja. A wannan zagaye ne kuma Durbar ya fita daga hannun gwamnati.

Yadda Durbar ya mutu

Kamfanin marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, mai jiragen Kabo, shi ne ya fara ɗaukar Durbar. Daga baya hannun jarin ya koma wani kamfani mai alaƙa da iyalan Janar Sani Abacha. Bayan rasuwar Abacha a 1998 da dawowar mulkin farar hula, gwamnatin tarayya ta ƙalubalanci yadda aka mallaki otal ɗin, aka rufe shi, maganar ta tafi kotu. Daga nan ta zauna a can.

Yana da kyau a tsaya a fahimci abin da "maganar tana kotu" ke nufi ga gini irin wannan. Wanda ke iƙirarin mallaka ba zai zuba kuɗinsa ya gyara abin da za a iya ƙwacewa a hukunci na gaba ba. Gwamnati ba za ta sa shi a kasafi ba, tun da ba ta da tabbacin nata ne. Babu bankin da zai ba da rance a kan filin da ake shari'a a kansa. Babu kamfanin gudanar da otal na ƙasa da ƙasa da zai liƙa sunansa a ƙofar da bai san wa zai riƙe mabuɗinta baɗi ba. Ma'aikata su watse, ƙwararrun cikinsu su tafi Abuja. Masu gadi su yi wata da watanni babu albashi, su ma su tafi. Ruwan sama ya sami kafa a rufi. Ɗaukaka ƙara kuma a ƙasarmu tana iya cin shekara goma ba a kai ƙarshe ba, alhali gini mai ɗaruruwan ɗakuna ba ya jure damina biyar babu mai kula.

Da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta aika katafilolin hukumar tsara birane a Janairun 2020, hujjarta ita ce wurin ya zama maɓoyar ɓatagari a tsakiyar gari. Ta kuma soke takardar mallakar filin. Lauyoyin iyalan Abacha suka ce an yi gaban kai alhali shari'a ba ta ƙare ba, suka sake komawa kotu. Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Mutanen da ke zaune kusa da kango mai faɗin gaske suna da haƙƙin a raba su da fargaba, kuma wanda ke gaban alƙali yana da haƙƙin a jira hukunci. Abin da ya fi damuna shi ne, a ranar da aka rushe shi, Durbar ya riga ya daɗe da mutuwa. Gawarsa aka kawar. An kashe shi ne a cikin shekarun da aka bar takardunsa suna yawo daga wannan kotu zuwa waccan, babu wanda ya ce a naɗa mai riƙo, ya ci gaba da buɗe ƙofa, a riƙa tara kuɗin a asusu har ranar da za a san mai shi. Doka ta san irin wannan tsari, ana kuma amfani da shi a rikicin kamfanoni.

Adalci ne a ƙara da cewa kasuwar Kaduna ita ma ta ja baya. Komawar gwamnatin tarayya Abuja a Disamban 1991 ta janye taruka da yawa da a da Kaduna ce gidansu. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun tsorata baƙi. Masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A Kano ma jiragen ƙasashen waje sun ragu, har KLM da ya shafe shekaru da dama yana sauka ya daina a 2012. Amma a cikin waɗannan shekarun ne otal-otal masu zaman kansu irin su Tahir da Prince, daga baya Bristol Palace, suka kama kasuwar Kano. Baƙi ba su ƙare ba. Sun koma inda ruwa ke zuwa a famfo ne.

Na Abuja

Labarin Hilton na Abuja ya faro da wani attajiri, Nessim Gaon, Bayahude haifaffen Sudan da ya zauna a Geneva, wanda kamfaninsa Noga ya daɗe yana cinikin amfanin gona da Nijeriya, har da gyaɗa. Shi ne ya haɗa hannu da kamfanin inshora na gwamnatin tarayya, NICON, aka gina otal ɗin da aka sa wa suna Nicon Noga Hilton. A shekarun farko, kafin ma'aikatu su gama tasowa daga Legas, harkokin gwamnati da yawa a zaurukansa ake yi. Gaon yana da wani Noga Hilton ɗin a bakin tafkin Geneva, wanda shi ma ya kuɓuce masa, ya koma Kempinski, daga baya Fairmont. A Abuja sunan Noga ya faɗi, aka bar Nicon Hilton.

A 2005 gwamnatin Obasanjo ta sayar da kashi 51 cikin 100 na otal ɗin kan dala miliyan 105 ga Transcorp, kamfanin da aka kafa shekara guda kafin nan da goyon bayan fadar shugaban ƙasa. Cinikin bai tsira daga suka ba. Da ta bayyana cewa shugaban ƙasa da kansa yana da hannun jari a Transcorp, mutane da yawa sun ce mai sayarwa da mai saye sun yi kusa da juna fiye da kima, kuma ina ganin sukar tana kan hanya. Wannan kamfanin dai ya sayi kamfanin sadarwa na gwamnati, NITEL, a 2006, abin bai yi kyau ba, gwamnati ta soke cinikin a 2009. Ke nan ba wata baiwa ta musamman Transcorp na wancan lokaci yake da ita ba.

Me ya tsare otal ɗin? Abu biyu. Na farko, ba a soke cinikinsa ba, ba a rufe ƙofarsa ana jiran alƙali ba. Da Tony Elumelu ya karɓi ragamar Transcorp ta hannun kamfaninsa Heirs Holdings a 2011, sayen hannun jari ne a fili, kowa ya ga wanda ya saya. A farkon 2015 aka shigar da kamfanin otal ɗin kasuwar hannayen jari, wanda ke nufin dole ya riƙa buga lissafinsa kowa ya karanta. Da mallaka ta tabbata aka sami damar neman kuɗi aka yi wa ginin gyara daga sama har ƙasa. Na biyu, duk wannan sauye-sauye na masu shi, mai gudanarwa bai sauya ba. Hilton ne tun 1987.

Sunan da ke ƙofa ba na mai gida ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka kamfanin Hilton na Amurka ne ya mallaki ginin. A'a. Manyan kamfanonin otal na duniya sun daɗe da rage sayen gine-gine. Abin da suke sayarwa shi ne suna, da tsarin aiki, da horar da ma'aikata, da hanyar da matafiyi daga Landan ko Dubai zai kama ɗaki ta intanet ya san abin da zai tarar. Mai gini ya kawo gininsa, su kawo manaja da ƙa'idoji, su ɗauki wani ƙaramin kaso na ciniki da wani kaso na riba, a ƙulla yarjejeniyar shekara 15 ko 20. A cikin yarjejeniyar akwai sharaɗin ajiye kuɗin gyara. In mai gini ya kasa, sai su cire sunansu su tafi.

An ga haka a Legas. Dogon otal ɗin InterContinental da aka buɗe a Victoria Island a 2013 da bashin banki aka gina shi. Bashin ya gagara biya, hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka maƙale ta shigo, masu sunan suka janye a farkon 2018, ginin ya koma Lagos Continental, daga baya kamfanin mai na 11 Plc ya saye shi. Abin lura shi ne ƙofar ba ta daɗe a rufe ba, shi ya sa ya rayu. A Abuja, Sheraton da aka buɗe a 1990 ya sauya masu shi a 2022, sunan ya koma Abuja Continental. Tsohon Ikoyi Hotel na gwamnati an sayar da shi a zagaye na biyu na sayar da kadarori, aka sake gina shi ya dawo a matsayin Southern Sun a 2009, sannan a 2022 kamfanin Kasada, wanda kuɗin asusun zuba jari na Katar ke bayansa, ya saye shi, aka liƙa masa sunan Mövenpick.

Federal Palace kuwa ya ɗanɗani kowane ɓangare. Kamfanin Sun International na Afirka ta Kudu ya shigo da kuɗi, aka gyara shi, aka sake buɗewa a 2008. Bayan rasuwar Alex Ibru a 2011, saɓani ya ɓarke a tsakanin masu hannun jari na cikin iyali, ya kai ga kotuna da hukumomin bincike. A 2016 Sun International ya sanar da cewa zai fice daga Nijeriya, kuma wannan rikici yana cikin dalilan da ya bayar. Rigimar gado tana iya yi wa otal abin da rigimar gwamnati ke yi masa.

Don kada a ɗauka yawan sauya hannu cuta ce ta Nijeriya, a dubi Plaza na birnin New York da aka buɗe a 1907. Conrad Hilton ya saye shi a 1943, Donald Trump a 1988, Yarima Alwaleed na Saudiyya da abokan cinikinsa a 1995, wani kamfanin Isra'ila a 2004, Sahara na Indiya a 2012, sannan Katara na Katar a 2018. Wasu cikinsu sun yi asara mai yawa. Otal ɗin yana nan, domin kowane ciniki an rubuta shi, an biya, an miƙa takarda. Sai dai ko a can, masu shi na 2004 sun mayar da babban ɓangare na ɗakunan gidajen sayarwa, saboda sun lissafa sun ga ƙasar da ginin ke kai ta fi kwanan baƙi kawo kuɗi.

Daula da darajar ƙasa

Wannan lissafi shi ne ke bibiyar tsofaffin otal-otal na Arewa. An gina su lokacin da fili ba shi da tsada, aka ba su harabar da ta kai unguwa guda, da itatuwa da filin wasa da wurin ajiye motoci. Gari ya girma ya kewaye su. Yau duk wanda ya dubi irin wannan wuri a kan titin Murtala Muhammad a Kano, abin da zai fara gani shi ne shaguna nawa za su fita, gidaje nawa za a yanka.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar mallaka, galibi ta shekara 99, sai da yardarsa ake sayarwa ko a jinginar, kuma yana da ikon sokewa idan ya ce maslahar jama'a ta buƙata. Ma'ana, takardar da mai zuba jari ke riƙe da ita tana da ƙarfi ne gwargwadon yadda gwamna mai zuwa zai mutunta sa hannun wanda ya gabace shi.

Daula ya bi wannan hanya. Bayan ya durƙushe a matsayin otal, an mayar da shi wurin koyar da aikin saukar baƙi a mulkin Kwankwaso na biyu. Gwamnatin Ganduje ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Lamash domin a sake gina wurin, aka tsayar da sababbin gine-gine. A farkon Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba Kabir Yusuf, rusau ya bi ta kansu. Sabuwar gwamnati ta ce dukiyar al'umma ce aka rabar ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanin ya ce yana da takardunsa, ya nufi kotu yana neman diyyar naira biliyan 10.

Ba aikina ba ne in yanke hukunci a wannan shari'a. Abin da zan iya faɗa shi ne duka matakan biyu sun bar wa Kano asara. Da an tallata wurin a fili tun farko, an bayyana farashi da sharuɗɗa da sunayen masu nema, majalisar jiha ta gani, da zai yi wuya wani ya zo daga baya ya ce an yi a ɓoye. Da kuma wanda ya zo daga baya ya kai ƙara ya nemi a ƙwace ginin a mayar wa jama'a, da ko ya yi nasara ko bai yi ba, ginin yana tsaye. Yanzu duk wanda za a gayyata ya zuba biliyoyi a wani tsohon otal na gwamnati a Arewa, tambayarsa ta farko ita ce saura shekara nawa a yi zaɓe. Bagauda ya tsira ne ta wata hanya dabam, da aka mayar da shi reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya: ya daina zama otal, amma ya sami mai shi guda ɗaya da kowa ya sani.

Saura Hamdala. Yana nan tsaye a Kaduna, ya haura shekara 60, zaurukansa sun ga tarukan siyasa da na sarauta da bukukuwan aure da ba su ƙirguwa. Matsalarsa ba ta shari'ar mallaka ba ce kamar Durbar. Lokacin da aka gina shi, mai shi ɗaya ne, gwamnatin Jihar Arewa. A 1967 aka raba Arewa jihohi 6, yau sun zama 19, kuma su ne tare suka mallaki NNDC. Gwamnan Borno da na Kwara da na Binuwai duk suna da haƙƙi a ciki, kowannensu kuma yana da otal ɗin jiharsa da ke jiran gyara, da albashi, da matsalar tsaro. Zai yi wuya a sami wanda zai ɗauki kuɗin jiharsa ya kai Kaduna ya sauya bututun ruwa. Hanyoyin da ke gabansu sanannu ne: su tara kuɗi su gyara su kawo ƙwararren mai gudanarwa, ko su ba da shi haya ta dogon lokaci da sharaɗin gyara a rubuce, ko su sayar a bainar jama'a. Kowace daga ciki tana buƙatar gwamnoni 19 su zauna su sa hannu a takarda ɗaya, su kuma buga ta a jarida kafin a miƙa mabuɗi.